Akwatin Wasan Da Ya Shigo Gidajenmu

Duk wanda ya zaga Mabera da la'asar, bayan an tashi daga makaranta, zai tarar da yara cunkus a wasu ƙananan shaguna. Janareto yana ruri a waje, su kuwa sun zuba wa talabijin ido suna buga ƙwallo da yatsu. Sunan akwatin nan PlayStation. Mu malamai muna ganin sawunsa a aji, gama akwai yaran da kan zo da gyangyaɗi, aikin gida kuma ba a yi ba. Saboda haka ya kamata iyaye su san asalinsa.

Labarin ya soma a ƙasar Japan. A 1983 kamfanin Nintendo, wanda ya fara da yin katin karta tun 1889, ya fitar da akwatin Famicom. Jabunsa ne suka cika kasuwanninmu daga baya, a cusa kaset a yi wasan Mario. Sa'an nan Nintendo ya shirya da kamfanin Sony su ƙera wani akwati mai aiki da faifan CD, amma a 1991 Nintendo ya janye. Wani injiniyan Sony, Ken Kutaragi, ya ƙi yarda aikin ya mutu. A watan Disamba na 1994 PlayStation ya fito. Faifai ya fi kaset arha, ya kuma fi shi ɗaukar kaya, don haka wasanni suka yawaita, har aka sayar da akwati fiye da miliyan 100.

Na biyu ya fito a 2000, yana kuma nuna fim na DVD. Shi an sayar da fiye da miliyan 150. Na uku ya biyo a 2006, na huɗu a 2013, na biyar a 2020. Waɗannan na baya suna haɗuwa da intanet, wato yaro yana ɗakinsa zai iya hira da baƙon da iyayensa ba su taɓa gani ba.

Ba mu ce wasa laifi ne ba. Mu ma mun yi langa a zamaninmu. Amma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar irin wannan wasa cikin jerin cututtuka, wato sa'ad da ya danne karatu da barci da zumunci, mutum kuma ya kasa bari.

Iyaye, ku duba kwalin faifan kafin ku saya. A kan yawancinsu akwai lambar shekaru: 3, 7, 12, 16 ko 18. Ku ajiye akwatin a falo inda kowa yake gani. A gama aikin makaranta tukuna kafin a kunna. Ku kuma tambayi yaro inda kuɗin karin kumallonsa suke tafiya. Wata rana ku zauna ku buga tare da shi, za ku ji abin da ba ya faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.