Tiyata ta biyu: Yadda ake zaɓen girman dashen mama, da dalilin da nisan Jimeta ke shiga lissafin

Robar silikon da likitoci ke dasawa a ƙirjin mace ba ta har abada ba ce. Wannan shi ne abin da akasarin masu tallar tiyatar kwalliya a Instagram ba sa son faɗa da ƙarfi, alhali hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta daɗe da bayyana shi ƙarara. A rahoton da ta fitar a 2011, ta ce cikin matan da aka yi wa dashen don ƙarin girma, ana iya cire wa ɗaya cikin biyar robar kafin ta cika shekara 10. Ga waɗanda aka yi wa don maye gurbin maman da sankara ta ci kuwa, adadin kan kai ɗaya cikin biyu. Ke nan duk wadda ta shiga ɗakin tiyata karo na farko, da wuya ta tsallake karo na biyu idan rai ya yi tsawo. A karo na biyun ne kuma tambayar girma take dawowa, ta fi ta farko wuyar amsawa.

Batun ba na Legas da Turai kaɗai ba ne. Sankarar mama ita ce kan gaba cikin nau'o'in sankarar da ke kama matan Nijeriya. Ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya nuna sababbin kamuwa sama da 30,000 a shekara guda. Da yawa ba sa isa asibiti sai cutar ta yi nisa, inda yanke maman ya zama dole, kuma daga cikinsu akwai masu halin da suka nemi a sake gina musu shi. Akwai kuma rukuni na biyu, waɗanda suka tafi Alƙahira ko Istanbul ko Dubai ko Indiya da sunan duba lafiya, suka dawo da dashe ba tare da ko ƙanwarsu ta sani ba. Ma'aikaciyar tarayya da aka tura aiki Yola, ko matar wani hadimi da ke zaune a Dubeli cikin Jimeta yayin da mijin ke Abuja, tana iya kasancewa cikin kowane rukuni. Abin da ya haɗa su shi ne kunya, da kuma nisan da ke tsakaninsu da hannun da ya yi aikin.

Me ke mayar da mace ɗakin tiyata

Jiki ba ya karɓar baƙo haka kawai. Da zarar an sa robar, sai ya saƙa mata wata 'yar jaka ta tabo ya kewaye ta. Ga mafi yawan mata jakar tana zama siririya mai laushi. Ga wasu kuwa takan yi kauri ta tsuke, ta matse robar har maman ya yi tauri, ya haura sama, ya canja siffa. Likitoci na auna wannan da ma'aunin Baker mai hawa huɗu: a hawa na ɗaya ba a jin komai, a na uku ido na ganin karkacewar, a na huɗu ciwo ya shigo. Wannan tsukewa tana cikin manyan dalilan sake tiyata, kuma ta fi yawa ga wadda aka yi wa gashin sankara da na'ura, domin hasken yana busar da fata ya rage mata jini.

Sai fashewa. Robar da aka cika da ruwan gishiri idan ta huje takan sace cikin kwanaki kaɗan, kowa ya gani. Ta silikon kuwa takan fashe a ɓoye, shekaru su wuce mai ita ba ta sani ba. Shi ya sa FDA ta ba da shawarar a ɗauki hoton MRI ko na sikanin bayan shekara 5 zuwa 6 da dashen, sannan a riƙa maimaitawa duk bayan shekara 2 zuwa 3.

Wani lokacin kuma laifin daga masana'anta yake. A 2010 hukumomin Faransa suka dakatar da robar kamfanin PIP bayan an gano yana cika ta da silikon ɗin masana'antu, wanda ba a yi don jikin ɗan Adam ba. Dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama ne suke ɗauke da ita a lokacin, kuma a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu. A watan Yulin 2019 kamfanin Allergan ya janye robarsa mai kaushin baya, samfurin Biocell, daga kasuwannin duniya saboda alaƙarta da wata sankarar garkuwar jiki da ba a cika samu ba, wadda ke tasowa a cikin jakar tabon.

Na ƙarshe shi ne wanda aka fi jin nauyin faɗa: girman da aka zaɓa da farko bai yi wa mai shi ba, ko ya yi yawa ko ya gaza.

Awo, ba buri ba

Kuskuren farko shi ne zuwa wurin likita da lambar rigar mama. Harafin da ke jikin rigar ba ma'auni ba ne tsayayye. Na wannan kamfani ya bambanta da na wancan. Ita robar da mililita ake auna ta, abin da likitoci ke kira cc, kuma kowace mililita nauyinta ya kusa giram ɗaya. Wadda ke ɗauke da mililita 300 a kowane gefe, ta ce a mayar da ita 450, tana neman fatarta ta riƙe kusan kilo guda ne dare da rana, tsawon shekaru. Fatar kuwa ba ƙaruwa ta yi da ƙarfi ba tun aikin farko. Raguwa ta yi.

Nan ne bambancin tiyata ta biyu yake. A ta farko likita na aiki ne kan naman da ba a taɓa ba. A ta biyu yana tarar da fatar da nauyi ya ja ta yi laushi, da naman mama da matsi ya sirantar, da ramin da robar farko ta riga ta faɗaɗa, da tabon da ya canja hanyoyin jini. Tela ya san bambancin yanka sabon yadi da gyaran rigar da aka sha wankewa.

Wani likitan Amurka, John Tebbetts, ya yi suna wajen dagewa cewa jiki ne zai faɗi girman robar, ba sha'awa ba, kuma a 2005 shi da William Adams suka wallafa tsarin da likitoci da yawa ke bi a yau. Abu na farko da ake aunawa shi ne faɗin gindin maman da santimita, domin robar da ta fi wannan faɗin za ta kutsa hammata ko ta tunkari tsakiyar ƙirji. Sai a tsunkuli naman saman maman a ga kaurinsa. Idan bai kai santimita biyu ba, naman ba zai iya rufe robar ba, gefenta da ƙwanƙwamewarta za su riƙa nunawa, don haka akan sa ta ƙarƙashin tsokar ƙirji. Sai a ja fatar a ga iya miƙewarta, a kuma auna tazarar kan maman zuwa lanƙwasar ƙasa. Idan an gama waɗannan, abin da ya rage na zaɓi ba shi da yawa, 'yan mililita ne sama ko ƙasa. Likitan da ya amince da kowace lamba aka kawo masa ba tare da ya ɗauki abin awo ba, ɗan kasuwa ne sanye da farar riga.

Mutane kan ɗauka rage girma shi ne mai sauƙi. Ba haka ba ne. Ƙaramar roba a cikin babban rami yawo za ta riƙa yi, ta zame gefe idan an kwanta, saboda haka sai an ɗinke ramin an tsuke shi, ko a buɗe sabo. Fatar da ta saki kuma sai an yanke rarar an ɗaga maman, wanda ke nufin ƙarin tabo a zagayen kan maman da ƙasansa. Ga baƙar fata wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tabo mai kumbura ya fi samun masu duhun fata, tsakiyar ƙirji kuma na cikin wuraren da ya fi so. Wadda hujin kunne ya taɓa bar mata ƙullutu ya kamata ta faɗa wa likita tun kafin ya tambaya.

Akwai kuma abin da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kai ba. A Arewa haihuwa tana da yawa, shayarwa kuma kan kusa shekara biyu. Kowane ciki yana cika maman ya kuma sake shi. Girman da ya dace da mace bayan haihuwa ta biyu ba lalle ya dace da ita bayan ta biyar ba, don haka idan ba fashewa ko ciwo ne ya tilasta ba, jinkirta gyaran har a gama haihuwa yakan rage yawan shiga ɗakin tiyata.

Nisan Jimeta

Yola da Jimeta na da manyan asibitoci: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na jiha. Mai zazzaɓi ko kumburi bayan tiyata tana da inda za ta nufa, kuma can ya kamata ta nufa a ranar, ba ta tsaya tura hoto ta WhatsApp ga wani asibiti a Istanbul ba. Amma likitocin gyaran jiki kaɗan ne a Nijeriya baki ɗaya, kuma sun fi taruwa a birane irin su Legas, Ibadan, Inugu da Abuja. Daga Dubeli zuwa Abuja a mota tafiyar yini ce cur, ta Numan da Gwambe da Bauci; a jirgi kuwa kimanin awa guda ce, ga mai kuɗin tikiti a ranar da buƙata ta taso.

Wannan nisa yana cikin lissafin girma kai tsaye. Babbar roba tana ƙara jan ɗinki, kuma idan ɗinki ya buɗe har robar ta leƙo, galibi sai an cire ta a jira watanni kafin a sake sa wata. Makonnin farko ne mafi haɗari, lokacin da ruwa ko jini kan taru, ko ƙwayar cuta ta shiga. Wadda ta yi aiki a waje ta hau jirgi bayan kwana biyar, ta sauka Jimeta a watan Maris ko Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ga gumi ƙarƙashin bandeji, ga wutar lantarki mai zuwa da ɗaukewa, ta ɗauki kasadar da matar da ke zaune kusa da likitanta ba ta ɗauka ba. Masu ciwon suga da masu zuƙar shisha nasu ya fi haka, domin duka biyun suna jinkirta warkewar rauni.

Ma'aikatan da suka daɗe a Abuja ba su manta Oktoban 2005 ba, lokacin da uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a yankin Marbella na Sifaniya bayan tiyatar rage kitse, har daga baya kotun ƙasar ta samu likitan da laifin sakaci. Ba dashen mama ba ne, amma ya nuna cewa tsadar asibiti da kyan gininsa ba sa maye gurbin kulawar bayan aiki.

Abu ɗaya da ke ceton lokaci shi ne katin robar. Kowace tana zuwa da kati mai sunan kamfani da samfuri da lamba da yawan mililita. Da shi likita na biyu zai san abin da zai tarar, da shi kuma mace za ta san ko tata na cikin waɗanda aka janye. Wadda ba a ba ta ba, ta nema a rubuce. Haka kuma duk ranar da za a ɗauki hoton binciken sankara, a sanar da mai ɗaukar cewa akwai dashe, domin robar tana kare wani sashe na naman, sai an yi dabarar tura ta baya.

Kuɗi da hukunci

Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya ba za ta share wannan hawaye ba. Ƙa'idojin shirin tun zamanin NHIS, wadda dokar 2022 ta mayar NHIA, sun sa tiyatar gyaran mama cikin abubuwan da ba a biya. A Amurka wata doka ta 1998 ta wajabta wa inshorar da ta biya kuɗin yanke mama ta biya na sake gina shi. A nan kuwa aljihu ne, robar kuma daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Duk mililitar da ta jawo tiyata ta uku, daga albashi ko kuɗin adashe za ta fita.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na Putrajaya, Malesiya, a Yulin 2007. Ta halatta mayar da gaɓa yadda take, har da sake gina maman da aka yanke da gyara lahanin da ke cutarwa, ta kuma hana abin da ake yi don canja lafiyayyar halitta saboda son rai kawai. Malamai kan kafa hujja da Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya ba shi izinin sa na zinariya. Cire robar da ta fashe ko take ciwo kuwa magani ne.

Ba kuma kowace tiyata ta biyu ce ke ƙarewa da sabuwar roba ba. Akwai masu cewa a cire kawai a ɗaga abin da ya rage. Ga wadda gashin sankara ya ƙona wa fata, likitoci sun fi karkata ga gina maman da naman jikinta, daga tsokar baya ko daga mara, aikin da ya fi tsawo da wahala amma ba ya buƙatar canji bayan shekara goma. Wasu kuma sun zaɓi maman roba na waje, wanda ake sawa cikin riga da safe a cire da dare. Shi ma da awo ake zaɓensa, domin idan nauyinsa bai yi daidai da na ɗaya gefen ba, kafaɗa da wuya ne ke biyan bambancin.