Ayarin Tanti a Gabashin Turai: Dajin Ma Yana da Masu Shi

Daga watan Yuni zuwa Satumba, idan sanyin Turai ya lafa, akan ga ayarin matafiya sun nausa gabashin nahiyar ta ƙasa. Wasu kusan mutum ashirin ne a babbar mota guda da aka gyara mata kujeru da ma'ajiyar kaya. Wasu kuma jerin motocin shiga daji ne huɗu ko biyar, kowace da tanti ɗaure a kanta. Ba ruwansu da otal. Inda yamma ta yi musu nan ne zango: a kafa tanti, a ɗora tukunya a murhun gas. Kuɗin cefane karo-karo ake yi a damƙa wa madugu, girki da wanke-wanke kuwa kowa da ranarsa, farfesa ne ko ɗalibi.

Arha da yalwar fili ne ke jan su gabas. Sai dai yalwar kan ruɗi baƙo har ya ɗauka dajin ba na kowa ba ne, alhali kowane taku akwai mai iko da shi. Mutum ɗaya zai kwana a gindin bishiya ya tashi da asuba ba wanda ya sani. Mutum ashirin da hayaƙinsu da fitilunsu ba su ɓoyuwa.

A Kuroshiya da Sloveniya an hana kwana a tanti in ba a wurin da aka tanada ba, wanda aka kama tara ce. Estoniya ta fi sakin hannu, domin hukumar gandun dajinta, RMK, ta ware wuraren zango kyauta, da yawansu har da itacen wuta. Poland ta bi tsakiya: tun 2021 ta keɓe yankuna a dazuzzukan gwamnati inda mutum tara ko ƙasa da haka za su iya kwana biyu ba tare da sun sanar da kowa ba. Daga mutum na goma sai an aika wa ofishin gandun daji saƙo tukuna. A ganina wannan tsarin ya fi hankali, don ya gane cewa ɓarnar daji da yawan ƙafa take tafiya.

Amma Romaniya ce zuciyar wannan tafiya. Hanyar Transfăgărășan, wadda aka gina tsakanin 1970 da 1974 a zamanin Nicolae Ceaușescu, tana hawa tsaunukan Karpatiya har sama da mita 2,000, kuma dusar ƙanƙara kan rufe ƙolinta fiye da rabin shekara. A gefen wannan hanya za ka ga beyar, dabbar nan mai ƙarfi da farata, ta tsuguna tana jiran masu mota su jefo mata burodi. In aka cire Rasha, babu ƙasar Turai da ta kai Romaniya yawan wannan dabba. Ciyar da ita laifi ne mai tara, kuma da hujja: beyar da ta saba da abincin mutane ita ce ke zuwa shinshina tanti da tsakar dare. A watan Yulin 2024 wata ta kashe budurwa 'yar shekara 19 a tsaunukan Bucegi, cikin kwanaki majalisar ƙasar ta amince a harbe beyar 481 a shekarar. Shi ya sa ayari mai hankali ke girki nesa da wurin kwana, ya kulle abinci da shara a mota. Ko man goge baki ba a shiga da shi tanti.

Duk da haka, karnukan makiyaya sun fi yawan tare matafiya. Manya ne, don korar kyarkeci da beyar aka rene su, ba su kuma san ɗan yawon buɗe ido ba. Gudu kuskure ne. A tsaya, a ƙwala wa makiyayin kira. In an zo kusa da garke, madugu ya je ya yi gaisuwa ya nemi izini, ya sayi cuku in akwai. Sau da yawa sai a ƙare da cin mămăligă, wani abinci kamar tuwon masara. Musulmi dai ya tambayi naman da ke cikin tukunya, kuma ya san cewa ɗan kofin da ake tarbar baƙo da shi galibi giyar 'ya'yan itace ce.

A Bosniya maganar ba ta wasa ba ce. Har yau akwai nakiyoyin yaƙin 1992 zuwa 1995 a binne. Jan allo mai hoton ƙoƙon kai na nufin kada a taka, amma ambaliya kan gusar da nakiya daga inda aka yi mata alama. Ko fitsari ne, ba a kutsa ciyawar da babu sawu.

Mai fasfon Najeriya ko Nijar kuwa sai ya duba bizarsa da kyau. Romaniya da Bulgeriya sun shiga yankin Schengen gaba ɗaya a ranar 1 ga Janairun 2025, amma Sabiya da Bosniya da Albaniya da Montenegro suna waje. Wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce, da zarar mota ta tsallaka Sabiya ba shi da damar komawa, sai dai ayari ya wuce ya bar shi a bakin iyaka da jakarsa.