Arlit: yadda ɗigon furotin ke ɗinke ɓarnar tururin uraniyom a jikin mutum

Kamfanin Cominak ya rufe mahaƙarsa da ke kusa da Akokan ranar 31 ga Maris 2021, bayan shekaru sama da 40 yana haƙo uraniyom, ya bar tarin dusar ma'adini da ta kai kimanin ton miliyan 20. A Arlit, inda Somaïr ya soma haƙa tun 1971, jama'a sun daɗe suna tambayar abin da tururin wannan ma'adini ke yi wa jiki. Wani ɓangare na amsar yana cikin abin da masana suka gano a shekarun nan game da cibiyar ƙwayar halitta.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani. Yawancin nau'o'in ƙwayoyin suna da cibiya, a nan ake ajiye zaren gado da ake kira ADN ko DNA, wanda ke ɗauke da umarnin gina jiki. Da za a miƙe zaren ƙwaya guda, tsawonsa zai kai mita 2. Dubban nau'o'in furotin ne ke kula da shi: wasu na karanta shi, wasu na kwafa, wasu na gyara. Amma cibiyar ba ta da ɗakuna ko bango a cikinta. To yaya kowane rukuni ke haɗuwa a wurin aikinsa?

A 2009, Clifford Brangwynne da Anthony Hyman, a cibiyar bincike ta Max Planck da ke Dresden a Jamus, sun lura cewa wasu ɗigo-ɗigo a cikin ƙwan wata ƙaramar tsutsa ba daskararru ba ne: suna kwarara, suna haɗewa, suna narkewa. A 2011 suka nuna haka ma a cikin cibiyar ƙwan kwaɗo. Wannan aiki ya ba su kyautar Breakthrough ta 2023, mai darajar dala miliyan 3.

Duk mai girki ya san misalin. In aka ɗiga man gyaɗa a ruwa, sai ya ware ya dunƙule, in ɗigo biyu suka taɓa juna su zama ɗaya. Wasu furotin suna da jela mai laushi da ke manne wa ƴan uwanta, mannewa maras ƙarfi, a kama a saki. Idan yawansu a wuri guda ya wuce wani mizani, sai su ware daga sauran ruwan cibiyar su zama ɗigo. Kamar fadar samari ce a bakin titi: ba katanga, wannan ya zo wancan ya tafi, amma fada tana nan, kuma ba kowa ke zama a cikinta ba.

Ga inda batun ya shafi garuruwan uraniyom. Dusar ma'adini na fitar da iskar radon, wadda ba ta da launi ko wari. Idan aka shaƙe ta, ita da ɓurɓushin da take haifarwa suna harba tartsatsin da ake kira alfa. Fallen takarda ma na iya tare shi, amma a cikin huhu babu abin da ya raba shi da ƙwayoyin halitta, yana kuma iya tsinke zaren ADN gida biyu.

Da zarar zare ya tsinke, cikin mintoci furotin na gyara ke taruwa a wurin. A 2019, masu bincike a Zurich ta Suwizalan da Milan ta Italiya sun nuna cewa furotin mai suna 53BP1 yana dunƙulewa kamar ɗigo a kewayen tsinkewar. Ɗigon na tara wani furotin, p53, wanda ke dakatar da ƙwayar daga rabuwa har a gama gyara, ko ya sa ta mutu in ɓarnar ta yi yawa. Masana na ci gaba da muhawara kan ko duk irin waɗannan taruka ruwa ne na gaske, sai dai ba su da saɓani kan muhimmancinsu.

Gyaran ba ya dacewa kullum. Tartsatsin alfa kan yi ɓarna da yawa a wuri guda, abin da ke sa ɗinkin ya yi wuya. Ƙwayar da ta rayu da kuskure a zarenta na iya zama mafarin ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce radon ne ke haddasa kashi 3 zuwa 14 cikin ɗari na ciwon dajin huhu, gwargwadon ƙasa, kuma haɗarinsa ga mai shan taba ya ninka na wanda ba ya sha kimanin sau 25.

Shi ya sa rage yawan tururin da ke shiga jiki ke da amfani. Tun 2003 ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da Aghir in'Man ta Arlit, ta gano gurɓatattun ƙarafa a kasuwar garin, a 2009 kuma Greenpeace ta auna tururi mai yawa a wasu titunan Akokan. Guje wa ƙarafa da duwatsun mahaƙa wajen gini ko kayan girki, buɗe tagogi don iska ta ratsa ɗaki, da barin taba, duk suna rage yawan tsinkewar da ɗigon gyara zai ɗinke. Tsoffin ma'aikatan mahaƙa kuwa, tari da ya ƙi tafiya dalili ne na zuwa asibiti ba tare da jinkiri ba.