Takalmin Taya: Kafin A Saya Wa Yaro

Takalmin taya ya zama abin yayi a Kano da Sakkwato, inda za ka ga yara suna sulu a kan kwalta, wasu har su kama bayan Keke Napep yana jan su. Yayin birni ba ya daɗewa bai iso gari ba. Ga iyayen yara a garin Dogon Daji kuwa abin lura ne ƙwarai, domin kwaltar da za ta fi jan hankalin yaro ita ce babbar hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal da Jega, wadda tireloli da tankokin mai ke bi dare da rana.

Yaro idan taya ta kwashe shi, tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, nauyin jikinsa duka ya sauka a wuyan hannu. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1996 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan masu wannan wasa a wuyan hannu suke, mafi yawansu karaya. Ga yaro abin ya fi muni, saboda a bakin ƙashin akwai guringuntsin da ƙashi ke tsawo daga gare shi. In ya taɓu aka ɗora ba daidai ba, hannun na iya girma a karkace.

Nan ne nake jin tsoro. Sai a ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori, a jera karare a ɗaure tamau. Hannu ya kumbura a cikin ɗauri, jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi su fara baƙi. Likitocin ƙashi a Arewa sun sha yanke hannun yara saboda haka. Duk yaron da yatsunsa suka sandare, ko yake kuka ba ƙaƙƙautawa bayan ɗori, a sassauta ɗaurin a nufi asibiti a ɗauki hoto. Wanda ya bugu a kai yana amai ko yawan barci, kada a bari ya kwana a gida.

Kariya ba ta kai kuɗin jinya ba: hular kwano, matsen wuyan hannu, da na gwiwa. Takalman gwanjo sau da yawa birkin dunduniyarsu ya cinye, a duba kafin a biya.

Uban da ba zai iya haɗawa da hula ba, don Allah ya haƙura da sayen takalmin. Wanda ya saya kuma ya hana ɗansa hawa babban titi.