Duka "saboda" ne, amma ɗaya ce amsa

Bahaushe yakan ce "an ɗage taro saboda ruwa", ya kuma ce "an ɗage taro saboda an yi ruwa", kuma duka biyun daidai ne. Turanci bai yi wannan rangwame ba. A nan ne ma'aikaci mai shirin jarrabawar ƙarin girma, ko ɗansa mai fuskantar JAMB, kan yi asarar maki idan aka jera masa because, because of, due to da owing to, aka ce ya zaɓi ɗaya.

Ma'anarsu kusan ɗaya ce, don haka fassara ba ta raba gardama. Ginin jimla ne ke raba ta.

Matakin farko shi ne duba abin da ya biyo bayan gurbin da za a cike. Idan cikakkiyar jimla ce mai aikatau, because ce amsa: "The meeting was postponed because it rained." Idan kuwa suna ne kawai, sai because of: "because of the rain."

Mataki na biyu ya shafi due to da owing to. A tsohuwar ƙa'ida, wadda masanin Ingila H. W. Fowler ya kare a 1926, due to na bayani ne kan suna, kuma yawanci takan zo bayan is ko was: "The delay was due to rain." Owing to kuwa na bayar da dalilin aikin ne gaba ɗaya: "Owing to rain, the flight was delayed." Gwajin mai sauƙi ne: a cire due to, a sa caused by. In jimlar ta zauna, zaɓin ya yi.

Turancin yau ya sassauta, har manyan jaridu na buɗe jimla da due to. Amma idan mai tambaya ya haɗa biyun a zaɓi ɗaya, tsohuwar ƙa'idar yake nema.

Akwai kuma thanks to, wadda ta fi kusa da "albarkacin", ta fi dacewa da sakamako mai daɗi.

Amfanin wannan bai tsaya a zauren jarrabawa ba. Takardar da hadimi ya tsara wa babban sakatare ma da wannan ma'auni ake karanta ta.