Kaki ko Ofis: Lissafin da Ya Kamata Matashin Zango Ya Yi

Da zarar rundunar sojan Gana ta buɗe ɗaukar kurata, ba ka jin wata hira a majalisun shayi na Nima da Mamobi da ke Akra sai ita. Wannan ya ce kaki ya fi, wancan ya ce gara aikin ofis, ko ba komai ka kwana a ɗakinka. Akasarin masu gardamar albashin wata suke hange, alhali babban bambancin yana ranar barin aiki.

Aikin soja ba baƙo ba ne a Zango. Rundunar da Turawa suka kafa a ƙasar nan a 1879 ta samo tushe ne daga dakarun da ake kira Hausawa, kuma an daɗe ana ba da umarni da Hausa a bariki. Kakanninmu sun yi yaƙi a Habasha da Bama. Da suka dawo sai alkawuran da aka yi musu suka bi ruwa. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, 'yan mazan jiya suka nufi fadar gwamna da ke Osu da takardar kokensu, wani jami'in ɗan sanda Bature mai suna Imray ya buɗe wuta, ya kashe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka gaggauta samun 'yancin kai a 1957. Wato rigimar hakkin tsohon soja ta girmi ƙasar kanta.

A yau ma'aikacin farar hula yana ƙarƙashin dokar fansho ta 2008. Kowane wata ana yankar kashi 5.5 cikin ɗari na albashinsa, gwamnati ta ɗora kashi 13. Mafi yawan kuɗin yana tafiya hukumar fansho ta SSNIT, kashi 5 kuma a zuba a wani asusu da za a ba shi dunƙule ranar ritaya. Sai ya yi zubin aƙalla shekara 15 kafin ya cancanci fanshon wata-wata, wanda yake farawa daga kashi 37.5 na matsakaicin albashin shekarunsa uku mafi tsoka, kuma ba ya wuce kashi 60. Tsarin mulkin 1992 ya sa shekara 60 ce iyakar aiki. A lura, da gundarin albashi ake lissafin, ban da alawus. Nan ne da yawa suke shan mamaki.

Shi soja dokar ta ware shi. Fanshonsa da giratutinsa daga baitulmali suke fitowa bisa ƙa'idojin runduna, yana da masauki a bariki da magani a Asibitin Soja na 37, wanda ke nan kusa da mu. In ya dace da zuwa aikin wanzar da zaman lafiya, kamar na Labanan inda Gana take da dakaru tun 1979, yakan dawo da abin sayen fili. Daga nesa, wannan ya fi.

Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Soja ba shi da ikon yajin aiki, ba ya zaɓen garin da za a tura shi, ba ya cewa ga Salla ta zo. Sojojin Gana da Janar Anyidoho ya jagoranta sun tsaya a Ruwanda a 1994 lokacin da wasu ƙasashe suka kwashe nasu. A gida ma, a Mayun 2017 jama'ar gari suka kashe Kyaftin Maxwell Mahama a Denkyira-Obuasi yana bakin aiki. Sannan ƙaramin soja yakan ajiye kaki yana ɗan shekara hamsin ko kusa da haka, yara na makaranta, ɗakin bariki kuma a karɓe. Wanda bai yi gini ba sai ya dawo gidan gado a Nima, inda 'yan'uwa suka riga suka cika ɗakuna, ko ya shiga neman aikin gadi.

A ganina wanda zai shiga soja don kuɗi kawai bai yi lissafi ba, haka ma wanda ya zaci fanshon SSNIT kaɗai zai riƙe shi da iyalinsa a tsadar Akra. Iyaye da limamai da sarakunan Zango, ku zaunar da yaran nan da tsofaffin sojoji da ma'aikatan da suka yi ritaya a unguwa, su ji daga bakinsu kafin su sayi fom. Kuma kada kowa ya ba ɗan tsakani ko sidi ɗaya da sunan zai sama wa ɗansa gurbi.