Tsawa, Guguwa da Ambaliya: Mu Raba Aya da Tsakuwa

Da zarar hadari ya haɗu, saƙonnin gargaɗi kan cika WhatsApp. Wasu na ceton rai, wasu kuwa shaci-faɗi ne da ke kai mutum ga halaka.

"Wayar salula na jawo tsawa." Ƙarya ne. Tsawa ba ruwanta da sabis. Haɗarin yana ga wayar da ke jone a caji, domin idan tsawa ta faɗa wa turken lantarki, ƙarfinta kan biyo layin wuta har cikin ɗaki. A zare caja kafin ruwa ya sauko.

"A fake a gindin bishiya." Wannan shi ne gudun gara, faɗa wa zago. Tsawa ta fi neman abin da ya fi tsayi a fili, kuma wutarta kan bazu a ƙasa, shi ya sa take kashe garken shanu a lokaci guda. Manomi da makiyayi su nemi gini ko mota mai rufin ƙarfe. Daƙiƙa 3 tsakanin walƙiya da rugugi na nufin tazarar kilomita 1 kacal. A jira minti 30 bayan rugugin ƙarshe kafin a fita.

"Wanda tsawa ta faɗa wa ba a taɓa shi sai an zuba masa nono." Ƙarya ne. Jikin mutum ba ya ajiye wutar. Sau da yawa zuciya ce ke tsayawa, don haka lokacin da aka ɓata ana neman ƙwaryar nono shi ne lokacin ceto. Idan ba ya numfashi, a fara danna ƙirjinsa nan take, a garzaya asibiti.

"Duk ambaliya daga dam take." Rabin gaskiya. A Maiduguri, ɓallewar madatsar ruwan Alau ce ta nutsar da gari a watan Satumban 2024, kuma sakin ruwan Lagdo na Kamaru kan cika kogin Binuwai. Amma a Mokwa ta jihar Neja, inda mutane fiye da 150 suka rasu a ƙarshen Mayun 2025, gwamnatin tarayya ta ce ba a saki ruwa daga madatsun Kainji ko Jebba ba. Mamakon ruwan dare ne ya auka wa unguwanni. Kwalbatin da leda da shara suka toshe, da gidan da aka gina kan hanyar ruwa, sun isa su jawo bala'i ko babu dam a kusa.

"Ruwan bai kai gwiwa ba, zan tsallaka." Ruwa mai gudu da zurfin santimita 15 na iya kayar da ƙato, na santimita 30 kuma ya tafi da ƙaramar mota. Ga shi ruwan ja ne, ba ka ganin ko kwalta ta zaizaye a ƙarƙashi. Direba da ɗan acaɓa su juya kawai.

"Mahaukaciyar guguwa irin ta Amurka na tafe." A yi hattara da bidiyon da ba a san asalinsa ba. Amurka na samun irin wannan guguwa sama da 1,000 a shekara, amma abin da ya fi yi mana ɓarna shi ne iskar da ke gaban hadari a farkon damina, mai yaye kwano da karya turaku. Idan ta taso, a nisanci taga da tsohuwar katanga.

Kafin ka tura saƙo, duba ko ya fito daga hukumar hasashen yanayi ta NiMet ko hukumar ba da agajin gaggawa ta NEMA. In ba haka ba, bar shi ya tsaya a wayarka.